Kabawa, Lokoja: Unguwar da kogi ya tara wa jama'a, ya bar ta da ambaliya

Matafiyin da ya taso daga Abuja ya nufi kudu, da zarar ya haye gadar Murtala Muhammed da ke Jamata ya san ya kusa Lokoja. Sai dai sanin da yawancin matafiya suka yi wa garin bai wuce bakin titi ba, wato inda ake tsayawa a yi salla, a ci abinci, a sayi bandar kifi, sannan mota ta ɗauki hanyar Okene ko Ajaokuta. Kaɗan ne ke karkata akala su gangara cikin tsohon gari, inda gidaje suka matsu tsakanin gindin Dutsen Patti da gaɓar Kogin Kwara. A nan ne unguwar Kabawa take tare da maƙwabtanta irin su Karaworo da Unguwar Kura, kuma a wannan tsohon gari ne fadar Maigari da babban masallaci da tsohuwar kasuwa suke. Wanda yake son ya gane yadda Lokoja ta zama gari, daga wannan bakin ruwa ya kamata ya fara.

Garin, wanda tsofaffin Hausawa ke kira Lakwaja, yana zaune ne a gaɓar yamma ta Kwara, daura da inda Binuwai ke shigowa. Kwara, wanda littattafan makaranta ke kira Neja, yana tasowa ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya gogi iyakar Benin, ya wuce Yawuri da Jebba kafin ya iso nan. Tsawonsa daga tushe zuwa teku ya kai kimanin kilomita 4,180. Binuwai kuwa daga tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru yake fitowa, ya biyo ta Garwa da Yola da Ibi da Makurɗi, tafiyar kusan kilomita 1,400. Wanda ya hau Dutsen Patti, mai tsayin fiye da mita 400, zai hangi kogunan biyu suna haɗuwa, kowane da launin ruwansa, sai sun yi 'yar tafiya kafin su gauraya. Sunan dutsen ma daga Nufanci aka samo shi, domin a harshen Nufawa "pati" tudu yake nufi. Filin da ke tsakanin dutsen da ruwan siriri ne ƙwarai, kuma wannan ƙuncin wuri shi ya tsara kamannin tsohon garin: lunguna matsattsu, gidaje jingine da juna, kowa na neman ya kusanci inda jirage ke sauke kaya.

Tun kafin wani Bature ya ga mahaɗar, mutanen yankin sun san amfaninta. Oworo, waɗanda harshensu ke da dangantaka da Yarabanci, suna zaune a kan tuddan da ke bayan garin. Kakanda sun shahara da tuƙin manyan kwale-kwale, su ne masu fito da dakon kaya tsakanin ƙasar Nufe da kasuwannin ƙasar Igala. A tsallaken ruwa akwai Bassa Nge, a arewa kuma akwai Igbirran Koton Ƙarfe. Babbar kasuwar wancan zamani ba a Lokoja take ba, tana tsallake ne a garin Gbebe, inda kanwa da tufafin Kano da na Nufe da dawakai ke haɗuwa da gishiri da manja da kayan Turai da suka hauro daga bakin teku. Ba za a ɓoye ba, bayi ma suna cikin manyan hajojin wannan hanya. Fataken Hausa sun san wurin sarai, sun kuma san cewa duk wanda ya riƙe mahaɗar ya riƙe ƙofar koguna biyu.

Turawa sun daɗe suna laluben inda Kwara ke ƙarewa. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattauna batun da Kyaftin Clapperton a Sakkwato, har aka zana masa taswirar kogin. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka gangaro cikin kwale-kwale suka wuce ta mahaɗar har suka fita teku. Da hanya ta tabbata, sai gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku masu aiki da tururi a 1841, aka karɓi fili a gindin dutsen daga hannun Attah na Igala domin a kafa gonar gwaji. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe Turawan da yawa cikin 'yan makonni, gonar ta watse, aka janye. Abin da ya sauya lissafi shi ne tafiyar 1854, lokacin da wani likita ɗan ƙasar Sikotland, William Balfour Baikie, ya jagoranci jirgin Pleiad ya hau Binuwai yana shayar da mutanensa maganin kwinin kullum, ya dawo ba tare da rasa ko mutum ɗaya ba.

Baikie ya sake dawowa a 1857, jirginsa ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba, ya daɗe yana gararamba a ƙasar Nufe, daga bisani wajen 1860 ya zauna a gindin Dutsen Patti. Abin lura shi ne, zaman nasa ba da ƙarfin bindiga ya yiwu ba. Da yardar Etsu Masaba na Bida ya zauna, domin a lokacin ikon Bida ya miƙo har mahaɗar, kuma Masaba yana son bindigogi da albarushi da cinikin da jiragen Turawa za su kawo. Baikie ya buɗe kasuwa, ya riƙa fansar bayi yana zaunar da su, yana yi wa mutane magani yana kuma yanke musu hukunci. Ya iya Hausa har ya fassara wasu sassan Baibul a cikinta, ya kuma ziyarci Kano a 1862. Ya rasu a Saliyo a 1864 a kan hanyarsa ta komawa gida. Ingila ta buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a garin, ta rufe shi a 1869, garin ya ci gaba da zama a ƙarƙashin inuwar Bida.

Waɗanda suka cika wannan sabon gari kusan dukkansu baƙi ne. Akwai 'yantattun bayi da ba su da gidan komawa, akwai Nufawa masu jirgi da masu sana'ar hannu, akwai fataken Hausa da malamansu, akwai Yarabawa, akwai kuma mutanen Saliyo da suka zo a matsayin akawuna da tafintoci da masu wa'azin mishan. Da rikicin sarauta ya ci Gbebe, mutanenta da dama suka tsallako da cinikinsu. Bishop Samuel Ajayi Crowther, wanda shi kansa 'yantaccen bawa ne, ya kafa majami'a da makaranta, kuma makarantar Holy Trinity da aka buɗe a 1865 ita ake ɗauka a matsayin makarantar boko ta farko a Arewacin Najeriya. A harabarta akwai wasu ƙarafa biyu da ake kira Ƙarfen 'Yanci, waɗanda tarihin baka ya ce duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya kuɓuta. Tsakanin wannan majami'a da masallatan Kabawa tafiyar ƙafa ce kawai, kuma haka aka zauna fiye da shekara 150.

A irin wannan taron jama'a dole a sami harshen da kowa zai ji. Nufanci da Hausa suka ɗauki wannan nauyi a kasuwa da bakin ruwa, kuma har yau yaron da ya tashi a tsohon garin ba abin mamaki ba ne ya iya harsuna uku ko huɗu kafin ya gama firamare. Sawun Hausa a bayyane yake cikin sunaye. Sarautar garin Maigari ake kiranta, akwai unguwar da ake ce wa Sarkin Noma, ita kanta Kabawa kuwa da Bahaushe ya ji sunan sai ya tuna da mutanen Kabi, waɗanda aka san su da su da zaman bakin ruwa. Amma kuskure ne a ɗauki unguwar a matsayin zangon Hausawa irin na Sabo a Ibadan. A can, baƙi ne aka ware musu gefe guda a cikin garin da ya riga ya kafu. A Lokoja kuwa baƙin ne suka zama garin, auratayya ta cakuɗa su, har ta kai ga gida ɗaya yana iya lissafa kaka Banufiya da kaka Bahaushe da kaka Bayarabiya.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan hali kamar labarin Abbega. Yaro ne ɗan ƙabilar Margi da aka kama bauta, Turawan ayarin Heinrich Barth suka 'yanta shi tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu. Barth ya tafi da su Turai a 1855. Dorugu shi ne ya zauna da malamin mishan Schön yana ba shi labarai da tatsuniyoyi, waɗanda suka shiga cikin littattafan Hausa na farko da aka buga da boko. Abbega kuwa ya dawo ya zauna a Lokoja, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 ya zama sarkin garin. Jikansa Maimaina, wanda ya tashi a hannunsa a nan, ya yi wa Turawa tafinta da leƙen asiri a ƙasar Hausa da Borno, ya ƙare a matsayin Sarkin Askira, ya kuma bar tarihin rayuwarsa a rubuce da Hausa. Garin da tsohon bawa daga kudancin Borno zai iya zama sarkinsa, lallai ba asali ake fara tambaya a cikinsa ba.

Zamanin kamfani ya ƙara wa bakin ruwan nauyi. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke ciniki a kogin, a 1886 gwamnatinsu ta ba shi izinin mulki da sunan Royal Niger Company. Lokoja ta zama sansanin dakarun kamfanin, daga nan kuma aka shirya yaƙin da aka kai wa Bida da Ilorin a farkon 1897. Yawancin sojojin da suka yi wannan yaƙi Hausawa ne da Yarabawa da aka ɗauka haya, kuma barikinsu ya ƙara yawan masu jin Hausa a garin. Ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfani a Lokoja aka ɗaga ta Ingila, Frederick Lugard ya karɓi ragamar abin da aka kira Arewacin Najeriya. Hedikwatar ba ta daɗe ba aka mayar da ita Jebba, a 1902 aka kai ta Zungeru, daga baya Kaduna.

Masu yi wa baƙi jagora a kan Dutsen Patti sukan nuna gidan hutun Lugard su ce a nan ne Flora Shaw ta tsaya tana kallon kogi sunan Najeriya ya faɗo mata. Labari ne mai daɗin ji. Abin da yake a rubuce dai shi ne ta ba da shawarar sunan ne a wata maƙala da jaridar The Times ta London ta buga a Janairun 1897, shekara biyar kafin ta auri Lugard. Garin ba ya bukatar ƙarin gishiri, tarihinsa na gaskiya ya isa.

Babin da ya fi taɓa zuciyar mutumin Arewa a tarihin Kabawa shi ne na sarakunan da aka tuɓe. Turawa sun ga Lokoja ta dace da ajiye duk sarkin da suka ƙi jini: tana da nisa da ƙasarsa, akwai soja a kusa, jirgin ruwa na iya kawo shi ba tare da an ratsa da shi cikin jama'arsa ba. Etsu Nupe Abubakar, wanda ya yaƙi kamfani a 1897 aka kuma raba shi da gadonsa a 1901, a nan ya ƙare. Shi ɗan Masaba ne, wato ɗan sarkin da ya ba Baikie wurin zama. Garin da uban ya yi wa rumfa shi ya zama kurkukun ɗan.

Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Maisango, ya hau gadon Dabo ne bayan yaƙin Basasa. Yana kan hanyar Sakkwato dakarun Ingila suka ci Kano a farkon Fabrairun 1903. An kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga nan aka dawo da shi Lokoja, inda ya zauna har rasuwarsa a 1926. Ya yi shekara tara yana sarauta, ya yi fiye da ashirin yana zaman gudun dole. Zazzau kuwa sarakuna biyu ta bayar. Na farko Kwasau, wanda ya nemi taimakon Turawa a kan Nagwamatse na Kwantagora, ba a jima ba su kuma suka juya masa baya. Na biyu Aliyu ɗan Sidi, wanda Turawan da kansu suka naɗa a madadin Kwasau a 1903, suka tuɓe shi bayan shekara goma sha bakwai suka aiko shi garin da suka aika wanda ya gada. Malami ne kuma mawaƙi, ya rasu a nan a 1924. Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru shi ma an kawo shi bayan tawayen Satiru na 1906.

Sarki ba ya tafiya shi kaɗai ko da an tuɓe shi. Kowannensu ya zo da iyali da barori da malamai, wasu masoya kuma suka biyo baya daga baya. Waɗannan gidaje sun kawo wa unguwar karatun littattafai da zikirin ɗariƙa da ladabin fada, kuma zuriyar wasunsu tana nan har gobe. Kaburburan sarakunan suna cikin tsohon garin, a tsakiyar gidajen jama'a. An sha yin kuka a kan halin da suke ciki, domin in ban da gyaran da wasu masarautu da jikoki kan yi jefi-jefi, babu wata kulawa mai ɗorewa da ta dace da matsayinsu. Ɗalibin da ya karanta labarin Alu a aji a Kano da wuya a gaya masa cewa kabarin yana nan, tafiyar yini guda a mota.

Arzikin bakin ruwan ya kai ƙololuwa a farkon ƙarni na 20. Jiragen tururi na kamfanonin da suka zama UAC da na John Holt suna tsayawa a nan su sauke gishiri da atamfa da kananzir, su ɗauki man kaɗe da auduga da fatu da kwarar manja. Idan ruwa ya cika da damina sukan hau Binuwai har Yola da Garwa. Leburori da dillalai da masu masauki da mata masu sayar da abinci duk a kan wannan zirga-zirga suka dogara. Abin da ya fara karya ta shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo na farko da ya isa Kano a 1911 daga Baro ya taso, wani gari a bakin Kwara arewa da Lokoja, don haka da farko ma ƙara wa kogin aiki ya yi. Amma da aka haɗa shi da layin Legas, aka kuma gama gadar Jebba, sai gyaɗar Kano ta riƙa zarcewa bakin teku ba tare da ta taɓa ruwa ba. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya haye Binuwai a Makurɗi a 1932. Layi ɗaya ya bi ta yamma, ɗaya ya bi ta gabas, aka bar Lokoja a tsakiya. Aliyu ɗan Sidi, wanda ya yi Waƙar Diga a kan shigowar jirgin ƙasa ƙasarsa, ya ƙare kwanakinsa a garin da digar ta fara rage wa kasuwa.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da manyan jirage a ƙasan kogin, kuma bayan yaƙin ba su dawo yadda suke ba, domin kuɗin man fetur ya shimfiɗa tituna, tirela ta karɓe kayan. Lokoja ta zauna a matsayin hedikwatar lardi, daga baya ƙaramar hukuma a cikin Jihar Kwara, har ranar 27 ga Agustan 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kogi aka mai da ita babban birni. Wannan ya kawo ma'aikata da gine-gine, amma sabon garin ya juya wa kogi baya. Ya miƙe ne ta Lokongoma da Felele da hanyar Ganaja, inda fili yake da inda titi ya bi. Tsohon garin ya ci gaba da riƙe sarauta da masallaci da tarihi, kuɗin kuwa ya koma wani wuri.

Duk da haka ruwan bai daina ciyar da mutane ba. Da asuba masunta ke dawowa da abin da taru da mamari suka kama, tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu, wani lokaci a dace da giwan ruwa. Mata ke saye a bakin gaɓa, su sayar da ɗanye, su banda saura. Kwale-kwale masu inji suna fito da mutane da doya da garin rogo daga ƙauyukan tsallake da na ƙasar Kakanda da Kupa, waɗanda ga da yawansu ruwa ya fi titi sauƙi. Akwai kuma masu haƙar yashi, waɗanda ke cika jirgi da shi su kawo gaɓa tifa ta ɗauka, don haka gine-ginen sabon garin ma da yashin kogin aka yi su. Sana'o'i ne na wahala da haɗari. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda hedikwatarta ke nan Lokoja, ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta sanya rigar kariya, amma kusan kowace shekara sai an ji kifewar jirgi a wani sashe na Kwara, galibi ɗauke da mata masu zuwa kasuwa.

Sai kuma ambaliya, wadda ita ce ke sa sunan unguwannin bakin ruwan Lokoja cikin labarai. Dalilinta yana cikin abin da ya kafa garin tun farko. Ruwan saman da ya sauka a kan babban ɓangaren Arewacin Najeriya da arewacin Kamaru, ko ta Kwara ya biyo ko ta Binuwai, dole ya wuce ta gaban Kabawa. Binuwai yakan cika ne a watannin Satumba da Oktoba. Idan cikarsa ta yi daidai da ta Kwara, ga kuma madatsun Kainji da Jebba da Shiroro sun cika sun buɗe ƙofofinsu, ga na Lagdo a Kamaru shi ma ya saki nasa, sai ruwan ya rasa inda zai bi ya hau gari. Jama'a sun saba ɗora laifin duka a kan Lagdo, amma masana ruwa na gwamnatin tarayya sun sha bayyana cewa kaso mafi yawa daga ruwan sama ne da ƙananan kogunan cikin gida da babu madatsa a kansu. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa domin ta tare abin da Lagdo ya saki, tun bayan kammala Lagdo a 1982 ake maganarta, har yau ba a gina ta ba.

A 2012 ma'aunin ruwa na Lokoja ya kusa mita 13. Gidaje a Adankolo da Gadumo da Ganaja da gefen Kabawa suka nutse, wasu har rufi, makarantu suka zama sansanin 'yan gudun hijira, hanyar Abuja ta yanke kwana da kwanaki. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce a faɗin Najeriya mutum 363 suka rasu a ambaliyar wannan shekara, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. An ɗauka abu ne na sau ɗaya a rayuwa. Shekara goma bayan nan, a 2022, ruwan ya zarce wancan ma'auni, mutane suka riƙa shiga kwale-kwale a kan titin Ganaja, tankokin mai suka maƙale a Koton Ƙarfe har layukan mai suka dawo a Abuja. A wannan karon waɗanda suka rasu a ƙasa baki ɗaya sun haura 600. Abin da ya faru ya nuna cewa matsalar bakin ruwan Lokoja ta wuce ta mazauna wurin, tun da hanyar da ta haɗa babban birnin tarayya da jihohin kudu da dama ta nan ta bi.

Duk shekara hukumomi kan yi gargaɗi cewa mazauna bakin kogi su koma kan tudu, duk shekara kuma a yi mamakin yadda suke komawa gidajensu da zarar ruwa ya janye. Wanda ya san unguwar ba zai yi mamaki ba. Masunci ba zai ajiye jirginsa a gaɓa ya tafi kwana a bayan dutse ba. Mai bandar kifi tana bukatar ta kasance a wurin kafin rana ta fito. Gidan da aka gada tun zamanin kakanni, ga kabarin iyaye a kusa, ga masallacin da aka saba, ba a barinsa don takardar sanarwa. Ga kuma tsadar fili a sabon gari, wadda ta fi ƙarfin mai sayar da kifi. Gidajen da aka gina wa waɗanda ambaliyar 2012 ta shafa ba su kai yawan masu bukata ba. Gargaɗin da bai zo da wurin zama da hanyar abinci ba, da wuya ya tayar da kowa. A ɗaya gefen kuma, ba duk ginin da ruwa ke ci ne tsohon gado ba. Da yawa sababbi ne da aka yi a kan hanyar ruwa bayan 1991, da izini ko babu, kuma wannan laifin ba na kogi ba ne.

An yi yunƙurin mayar wa kogin da cinikinsa. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, a nan Lokoja aka yi bikin. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro a Janairun 2019, sai dai rashin titi mai kyau da layin dogo mai aiki ya hana ta motsi, tashar da ake ginawa a Jamata kuwa ta daɗe ba a kammala ta ba. Kogi kuma ba ya jira, yashin da aka kwashe yakan dawo cikin 'yan damuna idan ba a ci gaba da yashewa ba. Lissafin da ya sa ake son aikin bai canja ba: babban jirgin dako guda yana iya ɗaukar kayan tireloli masu yawa, ga masana'antar siminti ta Obajana da ta ƙarfe ta Ajaokuta duk a kusa. Da jiragen za su dawo, unguwannin da suka fi kowa sanin ruwan su ne za su fara gani a aljihunsu.

Wajen watan Nuwamba ruwan yakan fara ja da baya. Tsibiran yashi su ɓullo a tsakiyar mahaɗar, masunta su kafa bukkoki a kansu, manoma su bi laka mai taushi da ambaliya ta bari su shuka masara da kuɓewa da alayyafo. A bangon gidajen bakin gaɓa akan ga layin da ruwa ya tsaya, na bana a ƙasa ko a saman na bara, masu gida su yi yaɓe su sake fenti in da hali. Can cikin hunturu kuma wani ruwan yakan iso Najeriya ta Kwara, wanda ake kira baƙin ruwa saboda ya riga ya zubar da lakarsa a hanya. Ruwan saman da ya sauka ne a tsaunukan Gini tun damina, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, kuma da shi madatsar Kainji ke cika tafkinta ta riƙa sakowa sannu a hankali, jiragen Kabawa su sami abin bi har zuwa bazara.